Riga Mai Gajeren Hannu

Nguru, Litinin 4 ga Oktoba 1954, bayan la'asar

Yau Mai Lofe, Baturen da ke manajan kamfaninmu, ya kira ni ofis ya ɗora mini aikin da ko a mafarki bai taɓa zuwa mini ba. Wai manya a Ikko sun yanke cewa kafin a buɗe cinikin gyaɗar bana, duk ma'aikacin kamfani, daga nan har reshenmu na Gashuwa, zai sa riga iri ɗaya mai hoton jimina a ƙirji. Ni, Laminu babban akawu, ni zan zaɓa, don wai na san mutanena. Duk karatun da na sha, na allo da na boko, ga inda ya kai ni: dillancin taguwa.

Samfur uku suka zo a jirgi. Fara, shuɗiya, da wata mai launin kunun da ya kwana. Irin wadda Turawa ke sawa ce in za su buga ƙwallo a kan dawaki a Kano, saƙar inji, da kwala, da maɓallai a wuya. Mu kuwa a nan dokinmu sikeli ne.

Dukkansu gajeren hannu gare su. Na auna da ido. Ko kusa da gwiwar hannu bai kai ba.

Talata, da hantsi

Celestine, Inyamurin da ke buga mana tafireta, ya sa shuɗiyar yana kai da kawo a gaban sito kamar zakaran da aka yi wa wanka. Ya ce, "Malam, wannan riga ya yi kyau, ko Gwamna zai sa." Na ce to a aika wa Gwamna.

Hamajoɗa, mai awon fatunmu, ya ɗaga farar da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. Bafillace ne, ni Babarbare, tun muna samari muke zagin juna ba mu gaji ba. Ya ce, "Kai bawana, ina sauran rigar? Ko telan ya mutu ne bai gama ba?" Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Laraba, bayan asuba

Na sāke dubawa da madubin matata Fanne, tana can wajen murhu. Yana nan. A bayan hannun hagu, sama da gwiwa kaɗan, inda naɗin hannun riga na alwala ba ya kaiwa. Faɗinsa ya kai bakin ƙaramin ludayi, ya fi sauran fatar haske. Na taɓa shi da tsinin allura. Sai da na ga allurar ta shiga na san ta shiga.

Makero ne. Kowa na yin makero. Sai dai makero yana ƙaiƙayi.

Alhamis, da azahar

Kujerar Babayo tana nan a bayan sito inda aka jefar da ita. Babayo shi ne mai riƙe da sitonmu a da, har ranar da aka ga irin wannan tabo a goshinsa, yatsunsa kuma suka fara ƙin damƙar makulli. Aka sallame shi cikin mutunci, wato daga nesa. Ya koma wajen danginsa a ƙasar Bade. Kujerar lafiyarta ƙalau, amma har yau babu wanda ya zauna a kai, babu kuma wanda ya ɗauka ko don makamashi. Ni ne na buga takardar sallamarsa, har na gyara wa Baturen wancan lokaci Hausarsa.

Ban san abin da ya kai ni bayan sito ba. Babu aikin da nake da shi a can.

Juma'a, bayan magariba

Mun ci tuwo a zaurena kamar kullum, kowa ya kawo akushin gidansa mun haɗa: ni, da Hamajoɗa, da Bappayo tela, da ƙanin liman. Hannu huɗu a kwano ɗaya. Bappayo yana ta tsine wa rigar inji, ya ce in aka bi ta Turawa, nan gaba har likkafani a jirgi za a kawo. Ni kuwa ina ta kallon hannuwa suna shiga suna fita. Fanne ta ce miyar ba ta yi mini ba ne? Ta yi.

Litinin 11, da hantsi

Na shiga wajen Mai Lofe da hujjojina a jere kamar lauya. Na ce dattijo a ƙasar nan ba ya fita da damtse a waje, abin kunya ne. Na ce surukin mutum zai iya kawo gyaɗa sikeli ya tarar da shi rabi tsirara. Na ce sauron Nguru ba ya bukatar a buɗe masa ƙofa. Na kawo maganar malamai a kan sutura, wadda na san ba ta hana gajeren hannu ba, amma shi ai bai sani ba.

Ya zuƙi lofensa ya ce lebura suna aiki ba riga ma sam, ba su mutu don kunya ba. Na ce lebura daban, akawu daban. Ya ce abin da Ikko ba ta so ke nan, shi ya sa aka ce iri ɗaya. Sai ya dube ni ya ce, "Malam Laminu, ko kai ma ka shiga siyasa ne?" A kwanakin nan ko tari ka yi sau biyu a gaban Bature, siyasa ce.

Na ce a bar ni in je Gashuwa in ji ta bakin mutanenmu na can. Ya ce in je.

Talata

Ban yi komai ba. Na feƙe fensir har ya ƙare.

Gashuwa, Alhamis 14, bayan la'asar

Motar kamfani ta kafe a laka har sau biyu, ruwan damina bai gama janyewa daga fadamu ba. Mun iso da ƙashin baya a hannu.

Na zo neman mutanen da za su ƙi riga, na tarar da mutanen da ba a taɓa ba su riga ba. Abbo, helman leburanmu na nan, Babade ne ƙaƙƙarfa, ya sa mai launin kunun, ta kama shi kamar fatar ganga, ya ƙi cirewa. Na ce, "Abbo, ba ka ganin hannun ya yi gajarta?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, in da ma babu hannun ya fi, buhu ba ya son tsumma." Na ce, "Dattijai fa?" Ya ce, "Dattijon da aka ba riga kyauta ya ƙi, a ba ni tasa."

Shi ke nan, tawayen da na zo tayarwa ya mutu a tsaye.

A hanyar shigowa gari akwai wata tsamiya da mutane suka yi layi a ƙarƙashinta. Direba ya ce duk Alhamis wata nas ta mishan ke raba wa masu babban ciwo farar ƙwaya, kyauta, wai sabuwa ce, tana tsayar da shi. Ya tofa yawu ta taga ya ƙara wuta. Na ga wani mai tsayin Babayo. Na juya ina kallon kogi. Ruwa ya cika sosai bana, masunta za su ji daɗi.

Juma'a, da sassafe, kafin mota ta tashi

Tun jiya abu ɗaya nake gani. Abbo da yaransa, kowa da kambu ɗaure a damtse, wani biyu wani uku, fata baƙa ta sha gumi. Babu mai kallonsu, don damtsen namiji da kambu abu ne da ido ya saba.

Ni fa, duk Nguru an san bakina a kan kambu. Na taɓa ce wa Hamajoɗa a gaban jama'a in aka farke nasa ba za a tarar da komai ba sai kashin awaki. Na taɓa yi wa lebura wa'azi har na yi gumi.

Kambu mai faɗi zai rufe. Na gwada da tafin hannu.

Nguru, Asabar 16, da azahar

Na gaya wa Mai Lofe na zaɓi shuɗiya. Ya ce madalla, ashe Gashuwa tana gyara mutum. Aka buga waya Ikko.

Lahadi, bayan la'asar

Na je wajen wani baduku a can ƙarshen kasuwa, wanda na zaci bai san ni ba. Ya ce, "Barka da zuwa, Malam Laminu na kamfani."

Na ce kambu nake so, mai faɗin yatsu huɗu. Ya ce ko 'yan dambe ba sa kai wannan. Na ce ni abokin damben nawa babba ne. Ya miƙo hannu in ba shi rubutun da za a ɗinke a ciki. Ban zo da komai ba, wallahi ban ma tuna ana sa wani abu ba. Na ce a ɗinka haka nan. Ya ajiye basillarsa ya ce shi tun da ya gāji sana'ar nan bai taɓa ɗinka kambu fanko ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Na laluba aljihu na sami yankin tsohuwar jarida, na ninke shi ƙanƙane, na ba shi ina motsa baki kamar mai addu'a. Ya karɓa da hannu biyu.

In ban manta ba, wajen da aka buga farashin gyaɗar bara ne.

Laraba 20

Kamar ya ƙaru. Ko madubin ne.

Alhamis, bayan azahar

Na duba littattafan ɗibbu na Larabci da na gāda wajen mahaifina. Sun ce a sha kaza, a shafa kaza, a guji kifi da madara. Sun kuma faɗi sunan abin ba kunya, shafi bayan shafi. Mutanen da can ba su da kara. Na mayar da su akwati.

Fanne ta tambaye ni me ya sa yanzu nake sa riga tun a banɗaki. Na ce sanyin kaka. Zufa na zuba a wuyana ina faɗa. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Asabar 23

Jirgi ya zo, babu riguna. Na yi farin ciki kamar ɗan kurkukun da alƙalinsa ya kwanta zazzaɓi.

Laraba 27, da la'asar

Sun iso. Farare.

Ikko ta ce shuɗi ya ƙare. Ashe duk zaɓen da na yi, da tafiyar Gashuwa, da kafewa a laka, na yi ne don nishaɗin kamfani. Celestine ya ɓata rai, shi shuɗiya yake so. Mai Lofe ya ce daga Litinin kowa ya sa, ran Alhamis mai hoto zai zo daga Kano a ɗauke mu a aika wa manya su ga 'ya'yan jimina.

Litinin 1 ga Nuwamba, da magariba

Na sa. Na ɗaura kambun tun a ɗaka, na ja igiyar sosai don kada ya zame. Fatar sabuwa ce, tauri kamar ƙirgi, amma ba ta dame ni ba.

Abin da na sha yau sai Allah. Lebura suka bar buhuna suka zo kallo. Wani ya ce Malam zai shiga kokawa. Celestine ya ce, "Malam, wannan magani na bindiga ne ko na Bature?" Hamajoɗa kuwa sai da ya zauna a kan sikeli don dariya, allurar tana rawa. Ya ce, "La ilaha! Babarbare ya tuba! Kashin awakin wane gari aka sa maka? Faɗi gaskiya, wa kake tsoro?" Na ce Fulani. Aka sāke fashewa.

Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar yau ba. Kowa kambun yake kallo. Na ci tuwo har na suɗe hannu.

Talata

Lafiya. Na ƙara matse shi, ya so ya zame wajen alwala.

Laraba

Lafiya lau. Ban kwance shi ba tun shekaranjiya, babu dalili. Ashe wayo ma ni'ima ne.

Alhamis 4, bayan la'asar

Mai hoto ya jera mu a gaban sito cikin rana, Mai Lofe a kan kujera a tsakiya, mu akawuna a tsaye a bayansa, lebura a tsugune. Mutumin ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya yi ta fitowa yana gyara mu kamar mai shanya barkono. Mun daɗe. Hamajoɗa yana hagu da ni.

Sai na ji ya ce a hankali, ba da muryar wasa ba, "Laminu, jini kake yi."

Na ce, "Ina?"

Da na ce "na sani", da na ce "kaifin kwano ne ya yanke ni", da shi ke nan. Amma na ce "ina". Na duba. Gefen farar rigar duk ya ɓaci, jini ya biyo ta ƙarƙashin kambun ya gangaro har gwiwar hannu, wani ya bushe wani ɗanye. Bakin fatar ya ci naman tun ban san yaushe ba. Kambun kuma ya zame, abin da ke ƙarƙashinsa ya leƙo.

A garin nan ko tsohuwa mai sayar da daddawa ta san ma'anar mutum ya yi rauni har ya tambayi inda yake. Celestine ya ji. Lebura biyu na gabana sun ji, na ga bayansu ya matsa gaba ba tare da ƙafafunsu sun motsa ba.

Mai hoto ya ce kowa ya tsaya cik. Hamajoɗa ya matso ya sa kafaɗarsa ta rufe hannuna. Aka ɗauka.

Juma'a

Ban je ofis ba. Ban je masallaci ba. Na farke kambun da aska. Farashin gyaɗa ne kuwa.

Asabar 6, bayan magariba

Na ce wa Fanne kada ta fitar da akushi zaure, babu mai zuwa. Ta fitar. Na zauna ni kaɗai da fitila da tuwo.

Bappayo ya aiko cewa yana da ɗinkin gaggawa. Ƙanin liman bai aiko da komai ba, na kuwa fi gode masa, bai sa ni amsa ƙarya ba.

Ina shirin ɗauke akushin sai na ji sallama. Hamajoɗa ne da kwanonsa. Ya zauna inda ya saba, ya buɗe nawa, ya leƙa, ya ce, "Kullum kuka, kullum kanwa. Ku Barebari Allah ya ba ku tafki cike da kifi ya hana ku basira."

Na ce, "Hamajoɗa, ka ci naka a kwanonka. Ba zan ji haushi ba."

Ya ce, "Yaushe bawa ya fara gaya wa ubangijinsa inda zai sa hannu?"

Ya wanke hannu ya miƙa. Na ga hannun ya tsaya a bakin akushin, ɗan tsayawa kaɗan, wanda in ba kallo kake ba ba za ka gani ba. Ina kallo. Sa'an nan ya yanko loma. Ban riƙe shi da wannan tsayawar ba. Da ni ne, ban san ko zan zo ba ma. Babayo bai ga ƙeyata ba.

Da muka gama ya ce, "Kai da aka tsage fuskarka tun kana cikin zanen goyo kowa na gani, sai yanzu za ka koyi ɓoyo? Ka je ka sami Baturen kafin Celestine ya gyara masa labarin."

Litinin 8, da azahar

Na je. Na sa babbar rigata, na tsaya daga bakin ƙofa don in rage masa wahalar matsawa. Na faɗa masa. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa lofensa a kan tebur ko da yake babu toka a ciki.

Ya ce yanzu ba kamar lokacin Babayo ba ne, ya ji labarin ƙwayar. Ya ce amma ba zan zauna a kanta inda 'yan kasuwa ke shigowa ba, za su gudu da gyaɗarsu wajen wasu. In koma Gashuwa in riƙe lissafin sito a ɗakin baya, in riƙa zuwa wajen nas, in an ga hali sai a sāke magana. Celestine zai hau kujerata. Ina fata dai wata za a ba shi, ba tawa ba, in ba haka ba a tsaye zai yi aiki.

Ban sani ba ko tausayi ne ko an kawar da ni daga ido ne. Wataƙila shi ma bai sani ba. Ya turo mini takardar da gindin lofe.

Talata, da hantsi

Na shiga in gaya wa Fanne, na tarar ta riga ta ɗaure tukwane cikin tsumma. Na fara jawabin da na shirya, cewa in tana so ta zauna wajen yayanta a nan ba zan hana ba. Ta ce, "Malam, miƙo mini wancan faifan."

Na ce, "Kin dai fahimci abin da ake ciki?"

Ta ce, "Tun farkon damina na gani. Ai a bayan hannu yake. Kai madubi kake ara, ni kullum a bayanka nake."

Na miƙa mata faifan.

Gashuwa, Alhamis 11, bayan azahar

Dokar kamfani ce a sa riga ranar aiki, don haka da ita na tafi gindin tsamiya, jimina a ƙirji, tabon jini bai gama fita ba duk da wankin Fanne. Na tsaya a ƙarshen layi ina karanta sararin sama.

Mai tsayin Babayo ɗin Babayo ne. Ya dube ni, ya dubi hannuna, bai yi mamaki ba, bai kuma yi murna ba, wanda da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Ya matsa ya ba ni gefen tabarmarsa. Ya shafa bakin rigar da abin da ya rage na yatsunsa ya ce, "Ta kamfani ce? Mu a zamaninmu ba a ba mu ba." Na zauna.

Nas ɗin sunanta Magdalene, 'yar ƙasar Binuwai, Hausarta ta fi ta Celestine. Ta sa ni rufe ido ta yi ta taɓa wurin da auduga tana cewa in faɗa in na ji. Ban faɗa ba. Ta ce, "Baba, kuturta ce, amma ka zo da wuri, yatsunka za su zauna in ba ka fasa zuwa ba." Haka ta faɗe shi, kamar mai cewa mura. Kuturta. Ga shi na rubuta, alƙalamin bai karye ba.

Ta wanke ciwon da kambu ya yi mini, tana ta faɗa wai wane marar hankali ne ya ɗaure ni haka. Na ce wani malami ne a Nguru, mai yawan karatu. Ta ba ni ƙwayar na haɗiye a gabanta.

Zan tashi ta ce, "Mako mai zuwa ma ka sa wannan rigar, Baba. Masu manyan riguna sai mun yi ta fama da naɗe hannu. Wanda ya zaɓa muku ita ya kyauta."

Na ce zan gaya masa.